Mai ya sauko, mai haibirid ya yi asara kenan?

Yayana ya yi wajen wata huɗu yana haɗa kuɗin wata Camry haibirid da ya gani a wurin wani dila a Kaduna, har ya sayar da tsohuwar motarsa ya koma hawa keke napep daga Tudun Wadar Zariya zuwa wajen aiki, sai ga shi an wayi gari gidajen mai sun sauke farashi, aka kuma ƙara saukewa bayan 'yan makonni. Ranar bayan isha'i ya kira ni, ko gaisawa bamu gama ba ya ce "Kai, anya kuwa? Tunda man nan ya fara sauka ba gara in sayi ta gargajiya in riƙe canjina ba?" Na ce "Yaya bari mu zauna da biro da takarda, wannan ba maganar waya ba ce." To abin da muka tattauna ne nake so in baje a nan, don na lura ba shi kaɗai ba ne, a majalisarmu ma an yi ta wannan musun har mai shayi ya sa baki.

Da farko akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar, mutane da yawa in ka ce haibirid sai su ce ai mu nan ba wuta, ina za a yi cajinta. Irin wadda ake kawo mana ɗin nan, su Prius da Camry da Highlander da Lexus RX 400h, ba ruwanta da a kawo wuta ko a ɗauke, ba a jona ta a soket kwata-kwata. Mota ce mai ruwa biyu, tana da injin fetur kaman kowace mota, sannan tana da injin lantarki da wani babban batir a bayan kujera ko ƙarƙashinta, kuma ita take cajin kanta. In ka taka birki, ƙarfin gudun nan da a motar gargajiya yake tafiya a banza ya zama zafi a jikin birki, ita sai ta mayar da shi wuta ta zuba a batir. In ka tsaya injin fetur ɗin ya mutu da kansa, in za ka tashi lantarki ya tura ka, sai gudu ya yi gudu sannan injin ya karɓa. Akwai wadda ake jonawa a wuta, amma wannan wani aji ne daban. Kuma ba sabon abu ba ne, tun 1997 Toyota ta fito da Prius a Japan, yaron da aka haifa a shekarar yanzu wani har ya yi aure da 'ya'ya.

Duk wanda ya fahimci wannan ya riga ya san inda ribarta take, wato cikin gari, wajen tsaya-tafi tsaya-tafi. Ka ɗauki mutumin da zai taso daga Samaru da safe ya bi ta Kwangila ya shiga PZ ya nufi Kongo, ga 'yan acaɓa ga masu keke kowa na yanko gabanka, ka taka birki ya fi sau ɗari kafin ka isa, to a irin wannan tafiyar haibirid take cin kasuwarta. Na taɓa zama a cikin Prius ɗin wani abokina a gosulon kasuwar Sabon Gari ana gobe sallah, mun fi minti ashirin bamu yi nisan jifa ba, duk motocin da ke kewaye da mu injinsu na ta kuka suna ƙona mai a tsaye, tamu kuwa tsit kaman an kashe, sai dai jefi-jefi injin ya tashi ya ɗan yi caji ya sake kwanciya, har wani mai tura baro ya jingina da bonet ɗin yana hutawa don ya ɗauka a fake take, da muka motsa ba ƙara sai da ya zabura. Amma in ka hau titin Kano ko na Kaduna ka ɗora ƙafa a kan 120, injin fetur ne ke yin kusan duk aikin, batirin ya zama kaya kawai da kake ɗauke da shi. Tana ragewa har a can, amma ba kaman cikin gari ba.

Yanzu lissafi. A gwajin hukumar muhalli ta Amurka, Camry ta 2012 ta gargajiya mai silinda huɗu tana yin kusan kilomita 12 da lita ɗaya, haibirid ɗinta kuma kusan 17, Prius ta 2010 ta haura 20. Wannan sabuwar mota ce a kan titinsu, ba Beljiyam da ta shekara goma sha tana yawo ba sannan ta zo ta haɗu da ramukanmu da AC a kunne tun safe. Don haka ni da Yaya muka rage, muka ce mu ƙaddara ta gargajiya 10, haibirid 15, kuma mu ƙaddara bambancin kuɗin sayensu naira miliyan 2, misali ne kawai, kowa ya sa abin da dilansa ya faɗa masa. Yaya yana yin wajen kilomita 1,000 a wata in an haɗa da kai yara makaranta da zuwa cikin birni gaida su Hajiya ranar Juma'a. Ta gargajiya za ta sha lita 100, haibirid 67, ya tsira da lita 33. In lita tana naira 1,000 ya tsira da dubu 33 a wata, miliyan biyun nan za ta dawo cikin shekara biyar. In lita ta sauko 800 ya tsira da dubu 26 da 'yan kai, ta dawo cikin shekara shida da wata uku ko huɗu. Kun ga dai saukar ta yi tasiri, ba wanda zai ce bata yi ba, amma shekara ɗaya da 'yan watanni ta ƙara, ba kifar da lissafin ta yi ba.

Abin da ke kifar da lissafin shi ne yawan tafiya, kuma shi ne mutane basa kallo. Ɗauki wanda mota ce sana'arsa ko ɗan kasuwar da kullum yana kan hanya, mai yin kilomita 3,000 a wata, shi lita 100 yake tsira da ita, a kan 1,000 wata ashirin ya mayar da kuɗinsa, a kan 800 wata ashirin da biyar, bambancin wata biyar kacal, ko a jikinsa. Sannan ɗauki kawuna da ya yi ritaya, motarsa daga gida sai masallacin Juma'a sai ɗaurin aure sai asibitin Shika in ranar ganin likita ta zo, da ƙyar ya yi 300 a wata, shi lita 10 ce ribarsa, ko a kan naira 1,000 sai ya shekara goma sha shida yana jira, batirin ma ba zai jira shi ba. Shi Kawu ko mai ya kai dubu biyu haibirid ba tasa ba ce, shi kuma ɗan kasuwan can ko mai ya sauko 600 tasa ce. Farashin gidan mai masu tsakiya kawai yake wa alƙalanci, irin su Yaya.

To su masu tsakiyan sai su tambayi kansu wace irin sauka ce wannan, don mu a ƙasar nan mun ga sauka iri-iri. A Janairun 2012 Jonathan ya ɗaga daga 65 zuwa 141, aka yi zanga-zanga aka tsaya a 97. A Janairun 2015 ana dab da zaɓe aka rage zuwa 87, mutane suka yi ta murna da naira goma, zuwa Mayun 2016 Buhari ya kai shi 145. A Maris na 2020 lokacin korona aka sauke zuwa 125, shekarar bata ƙare ba ya wuce inda ya baro. Sai babbar, ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya ce tallafi ya tafi, abin da ake saya ƙasa da 200 ya haura 500 cikin kwanaki, a Yuli ya kai 617, zuwa Oktoban 2024 ya tsallake dubu. Bayan da matatar Dangote ta fara sayar da fetur aka shiga gasa tsakaninta da NNPC da masu shigowa da shi daga waje, shi ne a 2025 aka riƙa jin an rage an rage. Duba jerin nan da kyau, hawan da tsani ake yinsa, saukar kuwa taki ɗaya ce ko biyu. Mota kuma ba tumatir ba ce da za ka saya yau ka cinye gobe, abu ne na shekara biyar zuwa goma, kuma ba wanda zai rantse maka nawa lita za ta kasance nan da shekara uku tunda yanzu farashin yana bin dala ne da kasuwar ɗanyen mai ta duniya. Lokacin da lita take ƙasa da 200 kam, lita 33 ɗin Yaya ko dubu bakwai bata kai ba a wata, sai ya fi shekara ashirin da biyar kafin kuɗinsa su dawo, shi ya sa a da in ka ga haibirid a Zariya sai dai ta ɗan gayu ko malamin jami'ar da ya dawo da ita daga karatu. Amma wancan zamanin tallafi ne ya riƙe shi, ni dai ban ga alamar dawowarsa ba.

Amurkawa ma sun yi irin wannan rawar. A 2008 da gangar ɗanyen mai ta kai dala 147, galan ya haura dala 4 a wajensu, layi aka riƙa yi a kan Prius. Daga tsakiyar 2014 farashin ganga ya rikito daga sama da dala 100 har ya faɗo ƙasa da 30 a farkon 2016, galan ya koma ƙasa da dala 2, sai suka watsar da ƙananan motoci suka koma kan manyan jif da a-kori-kura, cinikin Prius ya ja baya. Da mai ya sake tashi a 2022 kuma aka dawo ana neman masu tsimin mai ido rufe. Abin lura a nan, lokacin da kowa ya juya mata baya shi ne lokacin da take araha, lokacin da kowa ke nemanta kuma dila ne sarki. Na ce wa Yaya in da gaske mutane sun fara sanyi da haibirid saboda mai ya sauko, to yanzu ne ma bakinka zai yi kauri a wajen ciniki, ka je ka taya ƙasa ka ga ko zai kore ka.

Sai dai fa duk wannan lissafin na sama an gina shi ne a kan cewa batirin lafiyarsa ƙalau, kuma nan ne gizo ke saƙa. Ni a ganina wanda zai sayi haibirid a Zariya ya fi kamata ya ji tsoron batir sau goma a kan tsoron saukar mai. Toyota a Amurka garantin shekara 8 ko mil 100,000 take bayarwa a kan batirin, daga motocin 2020 ta ƙara zuwa shekara 10 ko mil 150,000. To mu wace muke saya? Ta 2008, ta 2010, ta 2013, wato garantin ya ƙare tun motar tana hannun mai ita na farko ko na biyu, sannan ta yi zaman jiran jirgi, ta yi zaman tashar ruwa, ta zo ta yi watanni a filin dila rana na dukanta, shi kuma irin wannan batirin ba abin da ya tsana kaman dogon zama ba aiki da kuma zafi. Da yawansu suna wuce garantin nesa ba kusa ba, gaskiya ne, amma kai baka san wanne ka ɗauko ba. Kuma ba kaman ƙaramin batir ba ne da in ya mutu za ka kira yara su tura, a haibirid ɗin Toyota babban batirin ne ke tayar da injin, ba ta da kik irin wanda muka sani, in ya mutu mota ta zama kujera. Kuɗin sabo kuwa da dala ake maganarsa, kuma kowa ya san abin da ya sami naira tun da aka sake ta a Yunin 2023, daga wajen 460 a farashin gwamnati har ta wuce 1,500 a 2024. Canjin batir ɗaya zai iya haɗiye ribar man shekara biyu ko uku a zama guda. Akwai ma wani abu a nan, in mai ya sauko ne don naira ta yi ƙarfi to batir ma zai ɗan sauko tare da shi, amma in don ɗanyen mai ya faɗi ne ko don 'yan kasuwa na gasa, ribarka ta ragu batir kuma yana nan inda yake, wannan ita ce saukar da ke cutar mai haibirid.

Abokin nan nawa mai Prius ya ɗanɗana. Cikin zafin watan Afrilu wata jar alama mai kusurwa uku ta fito masa a dashbod, mota ta ƙi ja, injin na ta ihu ba ya hutawa. Bakaniken farko da ya je wa, mutumin kirki ne kuma gwani a kan Golf da 406, ya buɗe baya ya ga wayoyin nan masu ruwan lemo ya ja da baya ya ce "Alhaji wannan ba tawa ba ce", kuma wallahi na yaba masa, don wutar da ke ciki ta kai bolt 200, tana iya kashe mutum. Na biyu ya ce batir ya tafi gaba ɗaya a kawo kuɗi. Sai na uku, wani yaro matashi mai kwamfuta, ya jona ya duba, ya cire murfin da ke gefen kujerar baya ya zaro fankar da ke sanyaya batirin, ina tsaye a wajen, abin da ya fito daga cikinta kaman an kwance tsohuwar katifa, ƙurar hunturu ta shekaru ta haɗu da zare da gashi har da ledar alawar yara ta zama dunƙule, fanka ko juyawa bata yi da kyau. Batirin ya daɗe yana dahuwa a cikin zafinsa. Ƙananan batura 28 ne a jere a ciki, makanikai na ce musu sel, biyu sun lalace, ya canza su ya wanke fanka mota ta tashi. Amma shi da kansa ya ce "Oga wannan faci ne fa, sauran ma sun tsufa, za ka iya dawowa", kuma bayan wata bakwai ya dawo ɗin. Fankar nan daga cikin mota take jan iska, don haka mai haibirid da ke kashe AC yana sauke gilashi don tsimin mai a watan azumin zafi, ƙura da zafi yake ɗura wa batirinsa, tsimin da zai biya da tsada.

Akwai wasu halayenmu ma da bata ɗauka. Sayen man dubu uku ana tafiya a kan jar fitila har mota ta shanye, in ta shanye aka ci gaba da lallaɓawa a kan lantarki ana iya tsotse babban batirin har ya kasa tayar da injin, kuma ba kowane gareji ke da abin cajinsa ba. Baƙin mai na awo a bakin titi, alhali Prius ta 2010 mai ruwa-ruwa take so, 0W-20. Mai gyaran AC ya ɗura mata man kwamfireso na sauran motoci, alhali nata na lantarki ne yana da mansa na musamman, wannan kaɗai ya isa ya jawo masifa. A ɗaya gefen kuma a faɗi gaskiya, ba ta da kik ba ta da altaneta balle su lalace, birkinta yana daɗewa sosai tunda lantarki ke yin rabin aikin, kuma ranar da aka shiga wahalar mai ana kwana a layi ko ana sayen galan a hannun 'yan bumburutu, wanda tankinsa ke kai shi kwana goma sha biyar maimakon goma ya san abin da ya saya, wannan kuma baya shiga lissafin biro.

Sai maganar sayarwa. Mu nan mota ajiya ce, ranar da buƙata ta taso ita ake fara kallo. Corolla ko Camry ta gargajiya ka kai ta bakin titi da safe kafin la'asar an taya, kayanta kuma daga Sabon Gari har Panteka ta Kaduna har Ƙofar Ruwa ta Kano ba inda babu. Haibirid dillali yana jin sunan zai fara taɓe baki yana cewa ai batir, ko da lafiyarta lau, don ya karya ta, in mai yana araha kuma taɓe bakin ya fi yawa. Wani a majalisa ya ce shi da ya ƙara miliyan biyu a kan mota gara ya je kasuwar Giwa ya sayi masara ya ajiye, aka yi dariya aka tuna masa yadda masu ajiya suka ji a jikinsu a 2025 da farashin hatsi ya karye, amma maganarsa tana da kai, kuɗin da ka binne yau kana jiran su dawo da kaɗan-kaɗan cikin shekara shida ba darajarsu ɗaya da na yau ba. Wani kuma ya kawo zancen mayar da mota kan iskar gas ta CNG da gwamnatin tarayya ke ta turawa tun 2023, wannan ma hanya ce ga mai yawan tafiya, in har akwai wajen ɗurawa kusa da shi kuma ya yarda tukunya ta cinye masa but.

Abin da na ce wa Yaya a ƙarshen zamanmu, kilomita dubunsa kusan duk cikin gari ne, kuma shi mutum ne mai riƙe mota har ta tsufa a hannunsa, waccan ma shekara tara ya yi da ita, don haka saukar naira ɗari ko ɗari biyu bata isa ta sa ya fasa ba. Amma kar ya biya ko sisi sai an jona mata kwamfuta an ga wutar kowane sel yadda take, an zagaya da ita an ga ko alamar cajin tana cika ta zube cikin minti biyu, don wannan alamar gajiyayyen batir ce, an kuma buɗe fankar an gani da ido. In bambancin kuɗin ya wuce miliyan biyun da muka ƙaddara, ko dila ya fara cewa ai ba sai an duba ba mota ce kaman sabuwa, ya juya ya ɗauki ta gargajiyar da ke gefenta. Ya yi shiru yana kallon takardar, ya ce to yaron nan mai kwamfuta nawa zai karɓa ya bi mu Kaduna, na ce zan tambaya, mun dai tsayar da Asabar in Allah ya kai mu, kuɗin mota da na abincinsa a kan Yaya.